Slow Ways a Yorkshire: Hanyoyin Ƙafa Daga Shipley Zuwa Garuruwan Maƙwabta, Daɗinsu da Taɓonsu

'Yan'uwa mazauna Birtaniya da ke yawan tambayata ko Slow Ways ɗin nan da nake ambata yana da wani amfani, ga amsata a taƙaice: yana da shi, kuma ko kwabo ba za a karɓa a hannunka ba. Da za a ce in ba shi taurari, huɗu zan ba shi cikin biyar. Amma sai ka iya karanta shi. Wanda ya kalli layin da aka ja a taswira kawai ya ɗaura takalmi ya fita, yana iya dawowa yana tsine mini. Wanda ya tsaya ya karanta abin da waɗanda suka riga shi bin hanyar suka rubuta, har da watan da suka rubuta shi, shi ne zai ci moriyar abin.

Ga wanda bai taɓa jin sunan ba, shiri ne na haɗa kowane gari da garuruwan da ke kewaye da shi ta hanyar ƙafa, yadda mutum zai tashi daga tsakiyar wannan gari ya sauka a tsakiyar wancan ba tare da ya bi gefen kwalta motoci suna fesa masa ruwa ba. Wani tsohon malamin labarin ƙasa mai suna Dan Raven-Ellison ne ya kawo tunanin. A 2020, lokacin da korona ta kulle kowa a gida, 'yan sa-kai wajen 700 suka duƙufa gaban kwamfutocinsu suka zana hanyoyi kimanin 7,000, waɗanda jimillar tsawonsu ta haura kilomita 100,000. A 2021 aka buɗe wa jama'a, kuma tun daga nan adadin ya wuce 8,000. Ya game Ingila da Sikotland da Wales. Ireland ta Arewa ba ta ciki.

To ka ga inda gizo ke saƙar: a zaune aka zana su. Mai zanen yana iya zama a Bristol ya ja layi a Yorkshire, inda bai taɓa sa ƙafa ba. Shi ya sa aiki na biyu ya fi na farko nauyi, wato a samu mutum ya bi hanyar da ƙafarsa, ya dawo ya ba ta taurari daga ɗaya zuwa biyar, ya rubuta abin da ya tarar. Idan mutum uku suka bi suka ce ta yi, sai a manna mata hoton dodon koɗi, alamar an tantance ta ke nan. Wanda ya ga hanyar ba ta yi masa ba yana da damar zana tasa ya ɗora, don haka tsakanin gari biyu za ka iya samun ta ɗaya da ta biyu, wani lokaci har ta uku. Suna kuma haruffa uku-uku ake gutsurowa daga kowane gari a haɗa. Salisbury zuwa Winchester ta zama Salwin, tamu ta Bingley da Shipley kuma Binshi.

Masu zanen suna da ƙa'idojin da aka ba su: hanya ta kasance babu haɗari, ta kauce wa titin mota gwargwadon iko, kada ta yi ta kewaye-kewaye, ta ratsa tashar bas ko ta jirgin ƙasa, kuma a samu wurin hutawa ko cin abinci duk bayan kilomita 5 zuwa 10. Maganar tashar nan ita ce ta fi komai burge ni, domin ita ta raba shirin da yawon shan iska na masu mota, waɗanda dole su dawo inda suka ajiye motarsu. A nan ka tafi da ƙafa, jirgi ya dawo da kai.

Ni a Shipley nake, arewa da Bradford, kuma aikin dare nake yi. Likita ne ya ce suga ya fara leƙo ni, in riƙa motsa jiki. Da farko lambun da ke kusa da gida nake kewayawa, har na haddace kowane benci da kowace bishiya, abin ya gundure ni. Ina hango tuddai daga tagar ɗakina, kore shar, amma ban san ta inda ake shiga ba, kuma gaskiya tsoro nake ji. Baƙar fata, baƙo, ya tsallaka katanga ya faɗa gonar Bature, me zai ce idan mai gona ya fito?

Ashe doka ce ta ba ni hanyar. A Ingila da Wales akwai kimanin mil 140,000 na hanyoyin da jama'a ke da haƙƙin bi ko da ƙasar ta wani ce. Wanda ya tashi a karkara can gida ya san burtali: gonar dama da ta hagu duk da masu su, amma tsakiyar nan ba mai ikon tare ta, ta nan shanu ke wucewa. Haka abin yake a nan, sai dai wannan na mutane ne, kuma sau da yawa ba a gefe yake ba, ta tsakiyar gonar yake ratsawa. Tun dokar 1949 aka ɗora wa ƙananan hukumomi su riƙe taswirar waɗannan hanyoyi a hukumance. Manomi yana iya yin huɗa ta kan hanyar da ta ratsa gonarsa, amma dole ya maido da ita cikin kwana 14. Kibiya rawaya a jikin ƙyaure tana nufin ta masu ƙafa ce, shuɗiya kuma har da masu doki da masu keke. Abin bai zo a ɓagas ba. A watan Afrilu na 1932 ɗaruruwan mutane, yawancinsu ma'aikata daga Manchester, suka hau tsaunin Kinder Scout da gangan don ƙalubalantar masu ƙasa, aka ɗaure biyar daga cikinsu. Sai a 2000 aka yi dokar da ta buɗe tsaunuka da dazuzzukan tudu, ita ma kusan kashi 8 cikin 100 na ƙasar Ingila kawai ta shafa. Sikotland ta fi sakin hannu tun dokarta ta 2003.

Duk wannan yana nan tun kafin Slow Ways. Abin da shirin ya ƙara shi ne ya tsinto guntayen hanyoyin nan ya ɗinke su wuri guda, ya ce maka daga nan zuwa can ga ta inda za ka bi, kuma ga wanda ya bi kafin kai. Ga ɗan gari wannan ƙaramin abu ne. Ga baƙo irina shi ne ya cire mini fargaba.

Yadda ake yi ba wuya. Ka rubuta sunan garinku, sai ka ga layuka sun fita daga cikinsa zuwa maƙwabta. Ka zaɓi ɗaya, ka ga tsawonta da yawan hawa da gangara, ka karanta sharhin mutane, ka duba hotuna in an sa. Sai ka yi rajista da imel ka sauke hanyar a fayil ɗin da ake kira GPX, ka buɗe shi a manhajar taswira, ka ga kanka ɗan ɗigo yana tafiya a kan layi.

Wadda zan ce kowa ya fara da ita a yankinmu ita ce Shipley zuwa Bingley ta bakin kanal, wato hanyar ruwa da aka haƙa don jiragen dakon kaya. Kilomita biyar ne ko sama da haka kaɗan, a miƙe, ba hawa sai a ƙarshe. Kanal ɗin shi ne wanda ya haɗa Leeds da Liverpool, mil 127, an kammala shi a 1816, kuma hanyar da kake takawa asalinta ta dawakan da ke jan jiragen ruwa ce, shi ya sa take shafal. Da ka bar Shipley kaɗan sai kanal ya shige tsakanin gine-gine biyu dogaye na dutse, ka ji sanyi ya ƙaru, sautin takunka ya canza. Masaƙar Titus Salt ke nan da aka buɗe a 1853, inda ake saƙa ulu, kuma shi ya gina wa ma'aikatansa garin Saltaire gaba ɗaya da gidaje da asibiti da makaranta. Masaƙar ta daina aiki a 1986, yanzu shaguna ne a ciki da zane-zanen David Hockney, ɗan Bradford. UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Shiga kyauta ne, kuma akwai ban-ɗaki mai tsabta, abin da mai tafiya da yara zai so ya sani.

Daga nan sai itatuwan Hirst Wood su rufe ka, sannan ka iso Dowley Gap, inda na tsaya na daɗe ina kallo ranar farko. Ruwa ne a kan gada, wani ruwan a ƙarƙashinta. Kanal ɗin ne aka ɗora a kan gadar dutse ya tsallake kogin Aire, jirgi yana wucewa a sama, kogi yana gudu a ƙasa. Idan ka kai Bingley kada ka yi saurin shiga tasha, ƙara gaba kaɗan ka wuce masaƙar Damart mai dogon bututun hayaƙi, ka je Five Rise. Matakala ce ta ruwa mai hawa biyar da aka buɗe a 1774, tana ɗaga jirgi sama har kusan mita 18. Jirgi ya shiga ɗaki na farko, a rufe ƙyauren katako a bayansa, a sako ruwa daga na sama har ya ɗago shi, a buɗe na gaba ya shiga, haka har sau biyar. Babu inji, da hannu da ƙugiyar ƙarfe ake murɗawa, ƙyauren kuma a jingina baya a tura shi. Yarana sun taya wani dattijo turawa, har yau suna ba da labari. Akwai shagon shayi a saman.

Uwargida ta zo wannan da keken jariri, kuma ta tafi lafiya lau in ban da hawan gefen matakalar, inda na karɓi turin. Matsalar bakin kanal ɗaya ce: masu keke. Wasu suna kaɗa ƙararrawa, wasu sai dai ka ji iskarsu a kunnenka. Riƙe hannun yaro ta ɓangaren da ba ruwa.

Shipley zuwa Bradford ba ni da dogon zance a kanta. Cikin gari ce, akwai inda za ka bi hanyar keke ta kwarin Bradford Beck, ga hayaniyar motoci ga bayan ma'ajiyoyin kaya. Ni na fi son in hau ta Northcliffe in sauka ta Lister Park da Manningham, ko da ta fi tsawo. Amfaninta shi ne ranar da ba na son biyan kuɗin bas, kuma masallaci ba ya yi maka wuya a hanya.

Ta uku ita ce ta koya mini karatun sharhi, wato Bingley zuwa Ilkley ta kan tsauni. Da na gaya wa Kawu, wani dattijonmu ɗan Kano da ya daɗe yana tuƙin tasi a Bradford, sai ya ajiye kofin shayinsa ya dube ni.

"Ilkley? Da ƙafa? Kai yaro, lafiyarka kuwa? In kuɗin mota ne babu ka faɗa mini."

"Wallahi Kawu ba kuɗi ba ne, likita ne ya ce in riƙa tafiya."

"To ya ce ka hau dutse? Mu da muka baro tafiyar ƙasa a gida, kai ka zo Turai ka ɗauko ta. Allah ya kiyaye hanya."

Dariya na yi, amma maganarsa tana da tushe. A wurinmu wanda aka gani yana sassarfa tsakanin gari da gari, ba a cewa yana motsa jiki, cewa ake ba shi da na mota. Wannan tunanin yana cikin abin da ya sa ba ka cika ganinmu a waɗannan hanyoyi ba, kuma zan dawo kansa.

Hanyar ta haura kilomita 10, kuma rabin farko hawa ne. Daga Bingley ka hau ta Eldwick, numfashi yana fita da ƙyar, har ka kai wata tsohuwar mashaya da ake kira Dick Hudson's a bakin titi. Daga nan gidaje sun ƙare. Sai tudu mai faɗi, babu bishiya, babu inuwa, sai wani gajeren tsiro da ke rufe ƙasa, wanda a watan Agusta yake fure ya mai da tsaunin duka jaja-jaja mai ruwan shuni. Tumaki ne kawai da wani tsuntsu dangin makwarwa da ke tashi fir daga gindin ƙafarka da kuka, gabanka ya faɗi. Can sama akwai wasu duwatsu da aka kakkafa a da'ira tun zamanin da ba a rubutu, ana ce musu Twelve Apostles. Ƙololuwar tsaunin mita 402 ce. Daga nan sai gangara ta kan duwatsu zuwa wani farin gini mai suna White Wells, inda a can baya mutane ke zuwa wankan ruwan sanyi don neman lafiya, garin Ilkley kuma yana shimfiɗe a ƙasa. Jirgi daga Ilkley zuwa Shipley bai kai rabin awa ba.

Na bi ta a ƙarshen bazararsu, ƙasa a bushe, na ce ai wannan ko da kambas ma an wuce. Na sake bin ta a watan Nuwamba bayan an kwana biyu ana ruwa, sai na tarar da wata hanya daban a kan layi ɗaya. Ƙasar tsaunin baƙa ce mai riƙe ruwa, ka taka inda kake zaton tudu ne ƙafa ta nutse har idon sawu, ka zaro ta da ƙara, ruwan sanyi ya cika safa. A wasu wurare an shimfiɗa manyan falalen duwatsu a kan dausayin, nan kam sai godiya, amma ba ko'ina ba. Kafin in kai duwatsun da'irar nan gajimare ya sauko ya zauna a kan tsaunin, ban iya ganin abin da ya wuce taku ashirin. Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata, to a can babu wanda za ka tambaya sai tunkiya. Ɗigon nan na waya shi ya fitar da ni, sanyi kuma yana shan cajin kamar me.

Taurari ba za su gaya maka wannan ba. Mutumin da ya bi a Yuli ya ba da biyar bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa. Shi ya sa nake cewa a duba kwanan wata, a nemi wanda ya bi a irin lokacin da za ka bi, kuma a fi ba da ƙarfi ga mai dogon bayani da hotuna a kan mai cewa "ta yi kyau" ya yi shiru. Sharhi mai amfani shi ne wanda zai ce maka a wuri kaza sai an tsallaka babban titi kuma babu wurin tsallakawa, a wuri kaza ciyayi masu ƙaiƙayi sun rufe hanya, a gona kaza akwai shanu da 'yan maruƙa. Akwai masu irin wannan rubutu, Allah ya saka musu, mutum ya ɓata yininsa ya auna faɗin ƙyaure don wanda bai sani ba.

Bayan sharhi akwai wani mataki da suke kira bincike, wanda 'yan sa-kai da suka ɗan samu horo ke yi. Su ne ke ba hanya lamba daga 1 zuwa 5 gwargwadon laushi ko tsananin ƙasarta, da harafi mai nuna ko keken guragu zai wuce. X na nufin akwai matakala ko wani abin da zai tare shi, Y kuma babu. Tunani ne mai kyau ƙwarai, sai dai hanyoyin da aka yi wa wannan ba su kai waɗanda aka yi wa sharhi yawa ba. Haka dodon koɗin ma bai game ko'ina ba. Kusa da manyan garuruwa za ka same shi, can cikin ƙauyuka kuwa akwai hanyoyin da har yanzu suna jiran mutum na farko ko na uku. Wadda babu wanda ya bi, ɗauke ta a matsayin shawara, ba alkawari ba.

Abin da ya hana ni ba shi tauraro na biyar abu biyu ne. Na farko, babu alamar Slow Ways a ƙasa. Ba za ka ga allo ko kibiya da sunansa ba, kibiyoyin da za ka gani na hukuma ne, kuma a mararraba suna iya nuna wurare uku. Komai yana cikin waya. Wanda bai saba da fayil da manhaja ba, kamar Kawu, an bar shi a baya tun daga ƙofa. Ni yanzu ba na hawa tsauni sai da abin ƙara caji da taswirar takarda ta Ordnance Survey, mai lamba 297 ita ce ta ɗauki tsaunin Ilkley, inda hanyoyin jama'a suke da ɗigo-ɗigon kore.

Na biyu ba laifin masu shirin ba ne kai tsaye, amma mai amfani da shi zai ji shi a jikinsa. Sharhi yana ɗaukar kamannin masu rubuta shi. Yawancin waɗanda nake karantawa, daga yadda suke magana, mutane ne da suka saba da tsauni, suna da takalman da ruwa ba ya shiga, kuma abin da ya dame su daban da abin da ya dame ni. Idan suka ce akwai wurin hutawa a tsakiya, a karkara galibi mashaya suke nufi. Gaskiya ne ana sayar da shayi da abinci a ciki, kuma ba mai hana ka shiga ban-ɗaki in ka yi ciniki, amma da yawanmu ba za su shiga ba, uwargida ma ta ce ko da wasa. Don haka filas ɗin shayi da burodi suna cikin jaka. Wanda ya sauka Ilkley da yunwa ya nufi shagon kifi da dankali, ya sani cewa a Yorkshire shaguna da yawa da kitsen shanu suke suya, mai kiyaye yankan halal sai ya tambaya.

Ba wanda zai rubuta maka inda za ka yi salla. A Disamba rana tana faɗuwa a nan tun kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba duk suna cunkushe cikin 'yan awoyi, ke nan duk tafiyar da ta wuce awa uku salla za ta same ka a hanya. Ni da alwalata nake fita, da 'yar sallaya mai leda a ƙasa da ke naɗewa ta shiga aljihu, in nemi bayan katangar dutse inda iska ba ta bugu. Ba wanda ya taɓa ce mini uffan. Wani mai kare ma janye karensa ya yi ya tsaya nesa har na sallame, sannan ya ɗaga mini hannu ya wuce.

Karnukan su ma ba a cika ambatarsu ba, don a wurin masu sharhin ba labari ba ne. A bakin kanal da cikin itatuwa da yawa a sake suke, su rugo su dafa ka da ƙafafu duk taɓo, mai shi yana murmushi yana cewa ba ya cizo. A kan tsauni doka ta ce a riƙe su da gajeriyar igiya daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli saboda tsuntsaye masu ƙwai a ƙasa, da kuma duk lokacin da ake kusa da dabbobi, amma ba kowa ke bi ba. Wanda ke tsoron kare ya fita da sassafe a ranar aiki, ba Lahadi da hantsi ba. Shanu kuma babu makiyayi tare da su. In ka ga masu 'ya'ya, kewaye su da nisa, kada ka shiga tsakani, kada ka yi gudu.

Sai matakalar tsallake katanga. A nan gonaki da katangun dutse ake raba su, kuma maimakon ƙofa sau da yawa duwatsu ne biyu ko uku suka ɗan fito daga jikin katangar, ka taka ka hau ka dira, ko wani tsukukun rami da sai ka karkace za ka wuce. Mai sharhi zai ce akwai su guda kaza ya wuce, don da wando yake. Ranar da muka bi wata hanyar gona ta wajen Baildon, uwargida da abayarta ta tsaya gaban ɗaya ta ce, "Maigida, wannan kuma da wace ƙafar?" Sai da na riƙe jaka, na riƙe hannu, na juya baya na tare hanya. Tun daga ranar doguwar riga mai tsagu da wando a ciki take sawa in za mu fita gona.

Game da yadda mutane ke karɓar baƙo, abin da na gani shi ne a kan tsauni kusan kowa zai gaishe ka, fiye da cikin gari nesa ba kusa ba. Akan samu mai kallon mamaki jefi-jefi. Wanda bai son fita shi kaɗai, akwai ƙungiyoyi irin su Muslim Hikers da Haroon Mota ya kafa, da Black Girls Hike da Rhiane Fatinikun ta fara a Manchester a 2019, suna fita rukuni-rukuni. Ya fara da su, in ƙafa ta saba sai ya ɗauki Slow Ways.

Na ce zan dawo kan maganar Kawu. Giɓin nan da na lissafa ba mai cike shi sai wanda abin ya shafa, kuma ƙofar a buɗe take, duk wanda ya yi rajista yana iya rubutawa. Ba a neman Turanci mai ƙawa, layi biyar ya isa. Ni abin da nake sawa a nawa shi ne watan da na bi da yanayin ƙasa, inda masallaci mafi kusa yake a farko da ƙarshe, ko akwai wurin shan shayi da ba mashaya ba, yawan katangun da za a tsallaka da ko mai doguwar riga za ta iya, da inda sabis ɗin waya ya ɗauke. Idan kuma ka tarar an ɗaure ƙyaure da sarƙa ko matakala ta karye a kan hanyar jama'a, rubuta a sharhin don na baya, amma ka kai ƙara sashen kula da hanyoyin ƙafa na ƙaramar hukumar yankin, domin su ne doka ta ba ikon sa mai gona ya gyara. Ka haɗa da hoto da daidai wurin a taswira, sun fi saurin amsawa.